Mu Ƙaru da Juna: Ƙaramin akwatin kiran agaji cikin hamada

Jama'ar karkara, ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba. Motoci biyu suka lalace arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya. Da masu nema suka isa, gawa 92 suka tarar, galibi mata da yara, da yawansu mutanen Kance ne, nan jihar Damagaram. Ƙishirwa ta kashe su tun ba a san inda suke ba.

To, akwai wani ƙaramin akwati da aka yi saboda irin wannan rana. Bai fi ƙaramar radiyo ba. In mutum ya danna shi, sai ya dinga aika kira sama kusan kowane daƙiƙa 50, batirinsa kuma yana kai awa 24. Ba ruwansa da layin salula. Taurarin ɗan adam ke ɗaukar kiran su sauko da shi ga tashoshin ƙasa, kamar ta Wargala a Aljeriya da ta Abuja. Amurka da Kanada da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka kafa tsarin, sunansa Cospas-Sarsat, kuma a 1982 ya fara ceton mutane.

A da, sai an jira tauraro ya gitta sama, wani lokaci awa ɗaya ko fiye, sa'an nan a ƙiyasta wurin. Kuskuren yakan kai kilometir 5. Wanda ya san Tenere ya san kilometir 5 cikin tudun rairayi ba wasa ba ne, balle in iska ta share sawun mota. Yanzu akwatin da kansa yana sauraron taurarin GPS, ya san inda yake, ya haɗa wurin cikin kiran. Kuskuren bai cika wuce metir 100 ba. Tun 2020, taurarin Galileo na Turai har amsa suke maido wa wasu akwatunan: fitila ta kama, mai shi ya san an ji shi, ya zauna bakin motarsa maimakon ya bazama neman rijiya.

Wahalar ita ce, direban da ke kauce wa jandarmomi ba ya son a san hanyarsa, kuma shi ne ya fi jefa mutane cikin haɗari. Amma masu manyan motocin Agadas da Dirku da Bilma ba su da wannan hujja. Wanda ya saya, ya rubuta lambarsa wurin hukuma, don in kira ya zo a san motar wa ce.