Kwamiti a Yamai, yara a kwale-kwale

Tun Yulin 2019 gwamnati ta kafa kwamitocin kare yara, daga matakin ƙasa har ƙauye. A takarda abin gwanin sha'awa. To 'yan uwa, ku zo Gaya ku nuna mana aikinsu.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanbil. Mutane ba su daina ƙetarewa ba, kwale-kwale suka koma. Cikinsu har da yara: almajirai, 'yan talla, da 'yan matan da ake kaiwa aikatau Kwatano. A gada aƙalla akwai ɗan sanda mai cewa “yaron nan na wane ne?” A bakin kogi kuwa kuɗin fito kawai ake tambaya. Ta wajen Kamba ma, ɗan kabu-kabu ya fi kowane kwamiti sanin hanyoyin daji.

Dokar hana fataucin mutane muna da ita tun 2010, ga hukumar ANLTP. Amma in aka tsinci yarinyar Gaya a kasuwar Malanbil, wa zai kira wa? Gwamnatocin biyu ko gaisuwar kirki ba sa yi. Wai haɗin gwiwa! Taro ne a otel a Yamai, a ci, a karɓi perdiyem, a ɗau hoto.

Mu dai muna son a ajiye ma'aikacin kare yara a bakin kogi, da lambar takwaransa na Malanbil a wayarsa. Prefe kuma ya fito ya gaya mana: sau nawa kwamitin Gaya ya zauna bana, yara nawa ya mayar gida?