WASAN SADA ZUMUNTA BA ƁATA LOKACI BA NE

Akwai masu cewa wasan da babu kofi a kansa ɓata lokaci ne. Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba, musamman game da ƙwallon zari-ruga, wadda har yanzu baƙuwa ce a ƙasar Kano in an fita daga birni. A birni akwai ƙungiya irin ta Barewa mai horon samari, amma mutanen Bichi da Dambatta da Minjibir da yawansu ba su taɓa ganin wasan da idonsu ba.

Mu fara duba 'yan wasan. A babbar karawa mutum 15 ke shiga fili, 8 kuma su zauna jiran canji. Sauran samarin ƙungiya sai kallo. Ran da a ke neman kofi, mai horarwa ba zai yi kasada da yaron da bai goge ba, ba kuwa za a ga laifinsa ba. To, yaushe yaron nan zai goge? In ya shekara yana ɗaukar wa manya ruwa, wata rana sai a neme shi a rasa. Sai an gwada a kan san na ƙwarai, wurin gwajin kuwa shi ne wasan sada zumunta, inda faɗuwa ba ta jawo wa kowa hasara.

Waɗanda su ka ƙago wasan sun daɗe da gane haka. A Ingila aka kafa ƙungiyar Barbarians a 1890. Ba ta da filin kanta, gayyato 'yan wasa ta ke yi, kuma an san ta da al'adar sanya wanda bai taɓa yi wa ƙasarsa wasa ba cikin gwanaye. A 1973 ta ci New Zealand 23 da 11 a Cardiff, babu kofi a tsakani, amma har gobe ana labarin wannan rana. Haka kuma wasan mutum bakwai-bakwai, a garin Melrose na Sikotilan aka fara shi a 1883 don a tara wa ƙungiya kuɗi. A 2016 ya shiga wasannin Olamfik.

Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. In kaka ta yi aka kafa dandalin kokawa, yara a ke fara sakawa su share fage kafin manya su fito. A nan a ke gane wanda zai zama gwani, a nan kuma 'yan kallo ke koyon bambanta gwaninta da ƙarfi kawai. Gani ya kori ji.

Wani zai ce a ƙasar nan ko'ina gona ce, babu fili, da rani kuma ƙasa ta yi tauri, wanda aka kayar zai ji ciwo. Gaskiya ne, amma akwai magani. A yi amfani da filayen makarantu, a tsince duwatsu, a yayyafa ruwa. A fara da na bakwai-bakwai, minti bakwai kowane rabi, yara ƙanana kuma su yi na taɓawa, ban da kayarwa.

Saboda haka shawararmu ita ce, bayan an gama girbin dawa ƙungiyoyin birni su fito karkara, su fara da Bichi, inda akwai kwalejin horon malamai, don ɗalibin da ya gani yau shi zai koya wa yara gobe. A sa sharaɗi, kowane ɗan jiran canji ya yi rabin wasa. Kada a karɓi kuɗin ƙofa. Malaman makaranta su shirya fili su kawo yara. Ma'aikatan ƙananan hukumomi kuma su nemi yardar hakimi da dagatai, su sa kuɗin mota da na akwatin magani cikin kasafi, kada a bari sai ranar ta zo a shiga kame-kame.

Allah ya sa a ji, a kuma aikata.