Dariya Ba Baƙuwa Ba Ce

Akwai wata cuta da ta kama waɗansu masu ilmi, har tana neman ta harbi 'yan makaranta. In ka tambaye su asalin kalmar Hausa, kafin ka rufe baki sun ce Larabci ce. In ba su sami ta kama ba, sai su jawo wata da ƙarfi, su datse mata kai, su ɗaura mata wutsiya. Mai irin wannan hali, in ka ba shi "dariya", sai ya ce daga "dahika" ta fito, watau "ya yi dariya" da Larabci, don kurum ya ji "da" a farkon kowacce. Abin dariya, wai yaro ya tsinci haƙori!

To, samari, ku kawo allunanku mu auna maganar. Harafin farko na wannan kalma ta Larabci shi ne wanda mu ke kira lodi. Kakanninmu kuwa, in sun ari kalma mai lodi, "l" su ke mayar da shi. Shi ya sa mu ke cewa alƙali, da alwala, da farilla, da larura, da layya, da watan Ramalan. Ku dubi walaha ma: lodi ya zama "l", kuma "h" na nan daram. Da dariya aro ce, ai da "l" za ta fara. Ina kuma "h" ya tafi? Ina "k"? Wa ya kawo "r"? Ɓarawo ma ba ya sake wa doki kama haka.

Asalinta na nan cikin gida. Muna da aikatau "dara", har yanzu a kan ce, "Da ya ji labarin, sai ya dara." Yadda "tafi" ya haifi tafiya, "gaji" ya haifi gajiya, haka "dara" ya haifi dariya. Kuma dubi yawan dangin da ta ke da su. Murmushi na mai kunya ne, yaƙe na wanda ciki ya ɓaci amma ba shi da halin faɗi. A kan fashe da dariya, a kan bushe da ita, a sheƙe, a ƙyalƙyale, a tuntsure har a riƙe ciki. Akwai ta ƙeta, wadda gara a zage ka da a yi maka ita.

Kada wani ya ce ina ƙin Larabci. Littafi, da alƙalami, da sunayen ranakun mako duk daga can mu ka samo, kuma ba abin kunya ba ne. Masanin harsuna Joseph Greenberg, a littafinsa na 1963, ya sa Hausa cikin harsunan Cadi, tare da Bolanci da Angasanci, ya nuna su da Larabci kakansu ɗaya can da nisa. Amma zumunta daban, aro daban. Wanda ya ce duk abin da ke bakinmu aro ne, yana gaya wa yaro ke nan cewa kakanninsa ko dariya ba su iya ba sai da baƙi su ka zo su ka koya musu.

Ƙamus na Bargery, wanda a ka buga a 1934, ya kan sa alama ga kalmar da ta fito daga Larabci. In malaminku ya yi gardama, ku roƙe shi da ladabi ya buɗe muku wurin alwala, sa'an nan ya buɗe wurin dariya.