Bindiga a Kan Hanyar Zonkwa

Mutanen Zonkwa ba su bukatar wanda zai gaya musu ɓarnar makami. Rikicin Zangon Kataf na 1992 da tarzomar bayan zaɓe ta watan Afrilu 2011, wadda ta ci ɗaruruwan rayuka a kudancin Jihar Kaduna, sun bar marayu a gidajen Musulmi da na Kirista. Saboda haka wajibi ne 'yan Arewa mazauna Ikko, Ibadan, Anaca da Fatakwal, waɗanda ke safara zuwa gida, su san abin da doka ta ce game da ɗaukar bindiga daga wata jiha zuwa wata.

A Amurka kowace jiha tana da nata ƙa'idoji a kan sayar da bindiga da gidan harsashi. A Nijeriya kuwa Tsarin Mulki na 1999 ya sa sha'anin makamai a hannun Gwamnatin Tarayya kaɗai. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku: bindigogin yaƙi da fistol sai da lasin Shugaban Ƙasa, bindigar harbi irin mai baki biyu sai da lasin Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuwa tana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba mai ikon cinikin bindiga ko harsashi sai dillalin da aka yi wa rajista. Shi ya sa a 2022, da Gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi makamai, hukumomin tsaro suka amsa cewa gwamna ba shi da wannan iko.

Amma doka a takarda ba ta hana makamai tafiya ba. A watan Janairu 2017 ma'aikatan kwastan sun kama bindigogi 661 a Ikko, a 2024 kuma suka kama 844 a tashar jiragen ruwa ta Onne. Waɗanda suka kuɓuce wa kwastan, a cikin motocin kaya suke haurawa Arewa. Direba ko ɗan kasuwar da ya karɓi saƙon da bai buɗe ba, shi ne zai amsa tambaya a gaban alƙali, alhali mai kayan yana gida.

Akwai kuma haɗarin da ya fi ɗauri. A watan Maris 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi, Jihar Edo, mafarauta ne da suka taso daga Fatakwal za su Kano, bayan 'yan banga sun ga bindigogin toka a motarsu. Ko da mutum ya karya doka, aikin kotu ne ta hukunta shi. Amma abin ya nuna cewa talaka da ɗan banga duk ba su san matsayin lasin wata jiha a cikin wata ba.

Lalle ne Majalisar Tarayya ta gyara wannan tsohuwar doka, ta bayyana filla-filla yadda mai lasin zai ƙetare iyakar jiha da bindigarsa, a kuma watsa bayanin cikin harsunan jama'a. Kafin nan, sarakunan Hausawa na Sabo da shugabannin tashoshin mota su gargaɗi mutanensu: kada a ɗauki ƙullin da ba a ga cikinsa ba, mafarauci kuma ya sanar da 'yan sanda kafin ya kama hanya. Bindigar da aka tsare a tashar Ikko ba za ta kashe kowa a kasuwar Zonkwa ba.