Jinjina ga Alarammomin Kaugama, da Sauran Aiki

A ƙauyukan Kaugama, irin su Marke, Yalo da Dakaiyawa, karatun ƙolawa a gindin wutar kara ne ke tada gari tun kafin assalatu. Alarammomin da ke riƙe da waɗannan tsangayu sun cancanci jinjina. Ba albashi, ba fansho. Da damina malam na gona kamar kowa, da rani ya zauna bisa buzu yana duba satu, yana kama wa gardi wasali ɗaya da ya zame masa. Allah ya saka musu da alheri.

Ƙasar Haɗeja, inda Kaugama take, ta ga sauyi iri-iri. Malam Sambo ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, Sarki Buhari ya juya wa Sakkwato baya, Turawa suka ci birnin a 1906 bayan Sarki Muhammadu ya yi shahada, aka yanki Jigawa daga Kano a 1991. Duk da haka wutar tsangaya ba ta mutu ba. Har yau akwai mai zama ya rubuta izu sittin da ka, da alƙalamin gamba, baƙar tawada ga baƙi, ja ga wasali, ya gama ya adana a gafaka.

To amma, Allah gafarta malam, da sauran aiki. Tambayi saurayi wa ya fara limanci a masallacin garinsu, ko daga wane malami kakansa ya ɗauko tilawa, sai ka ji shiru. Dattawan da suka sani kullum raguwa suke. Littattafan gado kuwa suna cikin adaka a ɗakin ƙasa, gara na ci, ga kogi kusa. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2022 ta narkar da gidaje a masarautar nan ya san takarda ba za ta jure dare ɗaya cikin ruwa ba.

Jami'ar Sule Lamido tana nan Kafin Hausa, ba nisa. Ya kamata ta turo ɗalibai, masarauta da hakimai su yi musu iso, a naɗi muryar dattawa, a ɗauki hoton kowane shafi. Ku kuma iyayenmu malamai, kada ku yi rowar buɗe gafaka. A ɗauka a gabanku, littafi ya zauna hannun mai shi. A fara da garuruwan bakin fadama kafin ruwa ya sauka.