Gizakar Kurmi Ba Irin Ta Gida Ba Ce

 Wannan makon na ajiye zancen canjin kuɗi da tsadar mota, domin wata 'yar tsutsa da ba ta kai ɗan yatsa ba ta hana gidana barci a nan Kumasi.

Ranar Asabar da la'asar ina lissafin huhunan goro sai na ji ihu daga bayan gida. Jikata ce 'yar shekara 5, wadda nake tsokana da amaryata. Ta shiga ƙarƙashin mangwaro tsintar 'ya'ya, ta kamo reshe, sai ta saki tana yarfe hannu. Kakarta ta riga ni isa, tana cewa, "Alhaji, kunama ce!" Muka duba ƙasa, babu kunama. Da na juya ganyen, sai ga wata tsutsa koriya shar, gajera, shimfiɗe kamar an manna ta, da tuntayen ƙayoyi a gefenta. Ita ce mai laifin.

Mu da muka tashi a Arewa mun san gizaka, mai gashi buzu-buzu, wadda ke bin bango da damina ta bar maka ƙaiƙayi da borin jini. Tun muna yara an koya mana gudunta. Amma ta kurmi ba ta da wannan kama. Launinta ɗaya da ganye, kyakkyawa ce har yaro ya so ɗauka, kuma a bayan ganye take zama. Ana samun danginta a kan kwakwar manja, koko, kofi da mangwaro, tun daga Gana da Kodebuwa har kudancin Kamaru. Manoman kwakwar manja sun san ta sarai, don tana cinye musu ganye.

Ba cizo take yi ba. Ƙayoyin nan rami gare su, da dafi a ciki. Da sun taɓa fata sai bakinsu ya karye a ciki, dafin ya shiga. Shi ya sa zafin ke zuwa nan take kamar garwashi, wurin ya yi ja ya kumbura.

To, a nan ne muka yi kuskure. Hajiya ta kama hannun yarinyar tana murzawa da bakin zaninta, maƙwabciya ta kawo manja, wani yaro ya ce a shafa kananzir. Murzar nan ita ta ƙara tura ƙayoyin ciki, ta kuma baza su zuwa inda ba su taɓa ba. Wurin da bai fi kwabo ba ya koma rabin hannu. Ita ma Hajiya da daddare cinyarta ta ɗauki ƙaiƙayi, saboda zanin da ta goge da shi.

Ga abin da ya kamata a yi, kamar yadda na koya daga baya:

Kada a sosa, kada a murza. In tsutsar na jikin mutum, a ture ta da tsinke ko takarda, ba da hannu ba.

A samo salatif, irin wanda muke ɗaure kwali da shi. A manna a wurin a hankali, a ɗaga, a jefar, a sake da sabo sau uku ko huɗu. Yana fitar da ƙayoyin da ido ba ya gani.

Sai a wanke da ruwa da sabulu, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora kamar minti 10 zuwa 15. In ƙaiƙayi ya dame shi, a je kemis a nemi kalamin na shafawa ko maganin borin jini irin su Piriton, a kuma faɗi shekarun yaro kafin a ba shi.

A cire kayan da ke jikinsa a wanke su daban.

Galibi zafin kan lafa cikin 'yan awoyi, jan kuma ya ɗauki kwana biyu ko uku. Amma akwai inda ba a jira. In fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko amai da jiri suka zo, a nufi asibiti nan take. Haka in gashin ya shiga ido, ko jariri ya sa tsutsar a baki. Ido dai a zuba masa ruwa mai tsabta, kada a murza, a kai wa likita. Na san halinmu na baƙi, muna jin nauyin asibiti saboda kuɗi ko rashin jin yaren gari. Numfashin yaro ya fi ƙarfin wannan lissafi.

Sai rigakafi. Mata, ku daina shanya a kan shuke-shuke ko ƙarƙashin bishiyar da kuka ga an ɓuɓɓula ganyenta, kuma ku kakkaɓe kayan jarirai kafin ku naɗe. Mai sharar tsakar gida ya yayyafa ruwa tukuna, domin matacciyar gizaka da saɓar da ta bari duk suna harbi, busasshen gashin kuma iska na ɗaukarsa. Mai saran reshe ya sa riga mai dogon hannu. Ku ma 'yan uwana masu goro, ku riƙa duba bayan ɗanyen ganye kafin yaran shago su fara ɗauri.

Amaryata ta warke, alhamdu lillahi. Jiya ma ita ta ja hannun ƙanenta ta nuna masa bayan ganyen, tana cewa, "Ka gani da ido, ban da hannu." Yanzu nadin salatif guda na rataye a ƙusa kusa da madafa, na kuma hana yaran shago taɓa shi.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.