Kantin Barikin Amurka Da Aljihun Tsohon Soja

Maganar wannan mako ta ciniki ce, cinikin da ake yi a cikin barikokin soja na ƙasar Amurka.

A can manyan barikoki suna da kanti iri biyu. Na farko na abinci ne, nama da gari da madara da sabulu. Asalinsa tun 1867, sa'ad da aka yardar wa ƙananan soja su sayi abinci daga rumbun gwamnati bisa kuɗin da aka saro shi. Yau waɗannan kantuna sun haura 230, a gida da ƙetare, kuma Majalisar Dokoki tana zuba musu fiye da dala miliyan dubu kowace shekara domin albashin ma'aikata da sauran ɗawainiya. Mai saye yakan ƙara kashi 5 cikin 100 bisa kuɗin kayansa, da shi ake gina kantunan ana gyara su. Na biyu na tufafi ne da takalma da kayan ɗaki, an kafa shi a 1895. Shi wannan yana cin riba, amma ba a karɓar harajin ciniki a cikinsa, ribar kuwa kaso mai yawa nata yana komawa ga jin daɗin soja da iyalinsu.

A da, tsohon soja ba ya shiga waɗannan kantuna sai wanda ya cika shekarun fansho, ko wanda aikin soja ya nakasa shi ɗungum, ko mai lambar jaruntaka mafi girma. Wanda ya bar rabin ƙarfinsa a fagen fama, aka sallame shi bayan shekara huɗu, bakin ƙofa ce iyakarsa. Aka yi doka a 2018, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2020, ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya sami lahani ta dalilin aikin soja, kome ƙanƙantarsa, da wanda aka ba lambar rauni a yaƙi, da wanda ya taɓa zama fursunan yaƙi, har da mai jinyar da hukuma ta amince da shi. Mutum wajen miliyan huɗu suka sami wannan izni.

Wannan adalci ne, kuma ya yi jinkiri. Mutumin da ya ba da jininsa, ba a auna hakkinsa da yawan shekaru.

To, amma izni daban, araha daban. Hukumar kantunan abinci ta daɗe tana cewa mai saye yana rage kusan kashi 24 cikin 100 na abin da zai kashe a kasuwar gari, a 2022 kuma Ma'aikatar Tsaro ta ce za ta kai shi kashi 25. A wannan shekara ɗin ofishin binciken kuɗi na Majalisa ya duba lissafin, ya tarar rangwamen da ake samu cikin ƙasar Amurka kanta bai kai wannan adadi ba. Kantunan ƙetare, inda kasuwa ke da tsada, su ne ke ɗaga lissafin, kuma hanyar da ake bi wajen auna nasu rangwamen ba abin dogaro ba ce. Alhali kuwa tsofaffin soja galibinsu a gida suke zaune, ba a Japan ko Jamus ba. Har wa yau, tun 2017 an bar tsohuwar ƙa'idar sayar da kowane kaya bisa kuɗin sari, an ba hukumar ikon ɗaga farashin wani ta rage na wani.

Falke ya san cewa kuɗin haja ba ya ƙarewa a bakin rumfa, sai an haɗa da kuɗin hanya da yinin da aka ɓatar. Tsohon sojan da gidansa ke maƙwabtaka da bariki, kamar a San Antonio ko Norfolk, ga iyali mai yawa, yana sayen abincin wata guda a tafiya ɗaya, lalle shi ya ci riba, tun ba a nama ba. Amma gurgu mai zama shi kaɗai a ƙauye, tafiyar awa biyu daga bariki mafi kusa, idan ya sayi kayan dala 100 ya rage dala 20, man mota ya cinye ta kafin ya iso gida. Ga kuma manyan kantunan gari masu karya farashi a kusa da shi, waɗanda wani kayan nasu ya fi na bariki sauƙi. Sa'an nan shiga barikin ma ba a yinta haka kawai: sai da katin shaida, sai an tsaya ofishin baƙi an bincika tarihin mutum.

Akwai wani ƙari da ya kamata malamai su lura da shi. Waɗanda dokar 2018 ta shigar, in sun biya a kantin abinci da katin bashi na banki, a 2020 an riƙa ɗora musu kashi 1.9 cikin 100, in da katin ajiyarsu ne, rabin kashi ɗaya. Ba a ɗora kome ga mai biya da tsabar kuɗi, ko da katin bashi na kantunan soja. Shi wannan kati na ƙarshe ruwa yana hawa kansa in wata ya wuce ba a biya ba, ribar da aka yi a kan nama sai ta zube a nan. Tsabar kuɗi ta fi masa tsarki, ta fi sauƙi.

Abin da ya fi amfanar na nesa shi ne iznin da aka bayar ran 11 ga Nuwamba 2017, cewa duk tsohon sojan da aka sallama da mutunci yana iya sayen kayan kanti na biyu ta intanet, ba haraji, a aiko masa har gida. Wajibi ne hukuma ta faɗaɗa irin wannan hanya ga abinci marar lalacewa, ta kuma riƙa bayyana rangwamen kowane kanti da sunansa, domin mutum ya yi lissafinsa tun bai tayar da mota ba.